Sunan da Sarkin Noma Ya Ƙi Karantawa

Kwanan baya wasu matasa uku suka zo gidana a Tanut, maza biyu da mace ɗaya, kowa riƙe da salula kamar in ya ajiye ta za ta gudu. An ɗauke su aikin koyar da manya karatu a ƙauyuka, an yi musu horon kwana biyar, an ba su takarda mai hatimi. Wani ya ce musu akwai tsohon mushe, wato malamin boko, a unguwar nan da ya yi wannan aiki tun ana zuwa Tarka a kan raƙumi. Sun gaishe ni da ladabi, ba ni da abin cewa a kan wannan. Amma da hira ta yi nisa sai babbansu ya ce, "Baba, ai koyar da manya hutu ne. Ba kuka, ba fitsari a wando, ba a bin kowa da bulala. Mutum ya kawo kansa, ka rubuta, ya kwafa." Na ce masa haka ne, ɗana, ni ma da wannan hankalin na fara, kuma wata biyu ya ishe ni na watsa aji guda. Suka yi dariya, motarsu tana jira, suka tafi. To, tunda ba ku zauna kun ji ba, ga shi na rubuta muku.

Ni ɗan Birnin Damagaram ne. An kai ni lakwal, makarantar boko, ina shekara bakwai, na yi ta hawa aji har na fito malamin makaranta, wanda muke ce wa mushe. Shekaru kaɗan bayan samun ƴancin kai aka tura ni wani gari a ƙasar Ollelewa, cikin Damargu, darektan lakwal mai ɗaki biyu. Ni ne darekta, ni ne mataimaki, ranar da iska ta kwashe ƙyaure ni ne kafinta. Shekarata ashirin da huɗu, ina da agogon hannu da wando mai guga, kuma ban ga abin da Damargu za ta koya mini ba.

A shekarata ta biyu takarda ta zo daga Damagaram: kowace lakwal ta buɗe ajin manya, yaƙi da jahilci, da Hausa, da baƙaƙen boko. Tare da takardar akwai akwati, a ciki ƙananan littattafai, alli, ardwaz, wato ƙananan allunan nan baƙaƙe na hannu, da babban kaye, littafin kiran suna. An tsara mana komai. Karatu Litinin, Laraba da Juma'a, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, a cikin aji. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa bakin rijiyar Damargu da la'asar ba. Laraba kuwa ranar kasuwarmu ce.

Aikin farko da na yi shi ne shafe allo. Ku da kuke rubutu a farin allo da alƙalami mai wari ba ku san wannan ba. Ana daka gawayi ya yi laushi, a jiƙa ƙaro ya kwana, a haɗa, a shafa da tsumma sau uku, kowane shafi a bar shi ya bushe a inuwa. In ka shanya shi a rana zai tsage, alli ya riƙa tsalle. Alli ɗaya ina raba shi uku, don ba a san ranar da wani akwatin zai zo ba. Wannan duk na iya shi tun ina ɗalibi. Abin da ba a koya mini ba shi ne wanda zai zauna gaban allon.

Maigari ya tara mutane ya faɗa musu saƙon kumandan mai mulkin yankin, kowa ya ce to, ba wanda ya motsa. Sai da Sarkin Noma Kalla ya ce zai je. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, rumbunansa sun fi na kowa, ayarin Buzaye masu sayen gero a ƙofar gidansa suke durƙusar da raƙuma. Ya yi karatun allo da ƙuruciya, yana ɗan taɓa ajami. Da aka ji zai je, sai ga mutum kusan talatin, daga dattawa har magidanta. Ni kuwa na ɗauka sunana ne ya kai kunnensu.

Ranar farko na buga ƙarfen da nake buga wa yara, tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiya. Suka shigo da manyan riguna da rawuna, na zaunar da su a bencin ƴan shekara bakwai. Gwiwa ta kai haɓa. Na jera su bisa baƙin farko na suna, yadda aka koya mini, uku uku a benci. Kalla, Lawali, Mutari. Lawali mahauci ne, ya zo sau biyu bai ƙara ba, sai bencin ya rage Sarkin Noma da Mutari tela. Mutari saurayin magidanci ne mai kaifin kai, shi ne mai keken ɗinki ɗaya tilo a kasuwa. Kullum yana ɗosane a gefen benci da rabin mazaunai, takalmi a cire, kai a sunkuye. Na ce a raina, wannan ya san darajar mushe.

Kiran suna ma wani biki ne. Na buɗe kaye na ce, "Kalla." Shiru. Na sake ɗaga murya. Sai wani daga baya ya ce a hankali, "Sarkin Noma yana nan." Na ce ba haka ake yi ba, mai suna ne zai amsa, ya ce perezan, wato ina nan. Mutumin da shekara talatin ba wanda ya kira shi da sunansa tsirara sai mahaifiyarsa, ya dube ni ya ce, "Perezan." Yaran lakwal da aka tasa suna leƙe ta taga, suna kallon iyayensu na ƙoƙarin riƙe alli. Ni dai gani nake aiki yana tafiya.

Kuma karatu ya tafi, kada in yi musu ƙarya. Cikin wata biyu sun san wasulla, suna haɗa baƙi da wasali. Sarkin Noma bai fiye buɗe baki ba, amma in na leƙa ardwaz ɗinsa sai in tarar daidai ne. Mutari kuwa yana tafiya gida da nasa, ya dawo da shi a cike gaba da baya.

Sai muka zo darasin ra da ba. Littafin ya ba da kalmomi uku: raba, bara, Rabi. Na rubuta su manya manya. Aka karanta biyun farko baki ɗaya. Na ɗora sanda a kan ta uku, na ce bari in ba babban mutum dama ya nuna kansa.

"Sarkin Noma, karanta mana wannan."

Ya ɗaga kai ya dubi allon, ya daɗe yana duba, sannan ya mayar da ido ƙasa.

"Ra," na ce. "Ra da me?"

Bai amsa ba. Ajin ya yi tsit, har wanda ke tari ya haɗiye tarinsa. Na ɗauka ya kasa ne, sai na ce bari in fitar da shi.

"Mutari, taimaki na kusa da kai."

Mutari ya ce, "Mushe, yau idona ke ciwo."

"Jiya ka karanta layi guda daga bayan aji."

"Da dare ya fara."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wata biyu muna abu ɗaya. Baƙi huɗu ne fa. Yaran da ke zama a bencin nan da safe, wanda aka yaye jiya ma zai karanta."

Sarkin Noma ya goge ardwaz ɗinsa da hannun riga, ya ajiye shi a benci a hankali, ya ɗora allin a kai. Ya miƙe ya ce, "Mushe, a gafarce ni, dabbobi suna bakin rijiya." Ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, kowa yana yi mini sai an jima. Mutari ne ƙarshe, takalmi a hannu. Ranar Juma'a na buga ƙarfe har hannuna ya yi tsami, awakin maƙwabta ne kaɗai suka ɗaga kai.

Kun ce mini an yi muku horo. Nawa horon a madafa aka yi shi. Akwai wata tsohuwa, Inna Hajo, ita ke dafa wa yaran da ke zuwa daga rugage masu nisa abincin rana. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san wanda ya haifi kowa a garin, da wanda ya auri wa, da wanda ya nema aka hana shi. Bayan kwana uku ta ga ina zagaye aji kamar kazar da ta rasa ƙwai, ta kira ni tana tuƙa tuwo.

"Ɗan nan, kai Bahaushe ne kuwa?"

"Inna, wace irin tambaya ce wannan?"

"Wace ce Rabi?"

"Kalma ce a littafi."

"A littafinka kalma ce. A garin nan ɗiyar fari ce ta Sarkin Noma. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakinsa bai taɓa faɗarsa ba. Da tana gida yarinyar nan yake ce mata, yanzu ta gidan tela." Ta juya muciya. "Ka san telan?"

Tela ɗaya ne a garin, Mutari.

"Ka ɗauki mutum da surukinsa ka haɗa a katako ɗaya wata biyu, sun haƙura. Ka ce wa uba ya kira ɗiyar fari gaban jama'a. Ya ƙi, ka ce wa mijinta ya kira matarsa gaban ubanta, ya kuma nuna ya fi surukinsa kai. Sannan ka gwada su da yaran goye. Ai ya karanta sarai, Mushe. Don ya karanta ne ya yi shiru."

Abin haushin shi ne ba baƙon abu ta faɗa mini ba. Mahaifina har ya rasu bai taɓa kiran yayana da suna ba. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Amma tun ina yaro an saba mini cewa in ka tsallaka ƙofar aji ka shiga wata ƙasa, dangi da surukai duk a waje ake barinsu tare da takalma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta ce in sayi goro in je, in cire takalmi tun daga nesa, kada in yi bayani, don bayani zai sa a sake tada maganar. Na je. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, muka yi hirar raƙuma da zurfin rijiyoyi. Da na ba shi haƙuri ya ce, "Ba komai, Mushe, aikinka kake yi." Na ce to yaushe za mu gan shi? Ya ce, "In Allah ya so." Duk wanda ya zauna a Damargu ya san akwai in Allah ya so na zuwa, akwai na rakiya. Nawa na rakiya ne.

Daga nan na fara warware abin da na ɗaura. Na ɗauki kayen kiran suna na juya shi ta baya, na zauna kusa da murhun Inna Hajo, ina karanto suna tana faɗa mini wane ne surukin wane. Na yi ta jan layi daga suna zuwa suna har shafin ya koma kamar igiyar guga da ta harɗe. Ashe a ajin nan ba mutum biyu kaɗai na takura ba. Rabin masu sunkuyar da kai ba ladabi suke mini ba, wani suke gudun haɗa ido da shi. Muka raba su biyu, ba bisa shekaru ba, ba bisa ƙoƙari ba, sai dai kada suruki ya ga suruki. Akwai wani Isuhu da ya girmi surukinsa da shekara goma, muka kwana biyu muna neman inda za mu sa shi.

Benci na mayar wa masu shi. Na nemi izinin maigari muka koma gindin wata babbar aduwa a bayan gidansa, inda yara ba sa bi, kowa ya zo da tabarmarsa. Ƙarfe na daina bugawa, don dattijo ba ya amsa kiran da ake yi wa jikansa. Ladan ya zama agogonmu. Dattawa bayan azahar, lokacin da yarana suke hutun rana. Magidanta in sun dawo daga rijiya, kafin magariba. Laraba na bar wa kasuwa abarta, na ɗauki Alhamis. Kiran suna ma na daina. Ina zuwa da wuri in gaida kowa da laƙabinsa, in koma gida in cike kaye.

Littafin kuwa shafi shafi na karanta wa Inna Hajo. Duk inda ta ce a'a na ja layi. Sunayen mutane suka fita kaf, na zuba gero, guga, rago, raƙumi, rumbu. Na daina nuna mutum da sanda. Sai in ce, wa zai taimake mu? In ba a samu ba in karanta da kaina, kamar ni ne na manta na tuna. In zan gyara wa dattijo rubutu, durƙusawa nake kusa da shi in yi magana ƙasa ƙasa, na kusa ma kada ya ji. Kalmar jahilci kuma ban ƙara faɗarta ba. Mutumin da ya haddace izu goma ba ka ce masa ka zo yaƙar jahilcinsa. Zaman karatu muke cewa.

Magidanta suka dawo, Mutari a gaba, yanzu yana zama da mazaunansa duka biyu. Dattawa kuwa huɗu ne kawai, su ma waɗanda ba sa shiri da kowa. Sauran in na tambaya sai su ce ana nan tafe. Inna Hajo ta fassara mini: ba a zama inda Sarkin Noma ya tashi.

Ana haka sufeto ya zo rangadi daga Damagaram. Ya shiga aji ƙarfe huɗu daidai ya tarar da benci ba kowa.

"Ina ajin manya?"

"Ranka ya daɗe, ya zama biyu, kuma ya koma gindin aduwa."

"Wa ya ba ka izini?"

"Surukuta."

Bai yi dariya ba. Ya ce takarda ta ce aji ɗaya, jeri ɗaya, lokaci ɗaya, a dukan ƙasa, in kowane darekta zai tsara nasa to me ake da ma'aikata? Na ce, "Ranka ya daɗe, in tambaye ka. Kana cin tuwo kwano ɗaya da mahaifin maiɗakinka?" Ya dube ni ta saman tabarau. Shi ma ɗan Birni ne. Daga baya ya buɗe kayena ya ce, "Rabin mutanenka sun ɓace. Dattawan da kumandan ke son a gani a gaba, ina suke? Zan dawo da rani mai zuwa. In na tarar da haka, akwatin nan zai koma garin da ake sonsa." Na san inda maganar ta tsaya. In Sarkin Noma bai dawo ba, zaman ya mutu, kuma ni na kashe shi da bakina.

Da ruwan shuka ya sauka na rufe karatu, don ba wanda zai ajiye hauya ya ɗauki alli. Ita ce shekarar da damina ba ta yi ba. Aka yi shuka ta bushe, aka sake. Gero ya tashi har ƙugu, ruwa ya ɗauke, ya tsaya a haka bai fitar da kai ba. Ayarin Buzaye ya zo ya wuce kudu ba tare da ya sauke kaya ba. Sarkin Noma ya buɗe rumbunansa na bara yana auna wa gidaje, amma kowa ya san ba za su kai wata damina ba. Matasa ba su jira lokacin cin rani ba, suka fara tafiya. Mutari ya ɗaure keken ɗinkinsa a kan kamyo, babbar motar kaya, ya kwashi iyalinsa sai Kano. Da na sake buɗe zama, na magidanta babu shi. Na rage da tsofaffina huɗu, su ma inuwar aduwar ce ta fi kawo su, biyu daga ciki barci suke kafin in gama rubuta layin farko.

Wata rana bayan azahar muna zaune sai ga Sarkin Noma ya tsaya nesa kaɗan, ya yafuto ni. Ya ciro takarda daga aljihu, direban kamyo ne ya kawo masa daga Kano. Duk garin ni kaɗai na rage mai karanta boko da sauri. Muka koma gefe. Rubutun Mutari ne, na gane shi tun daga nesa. Na karanta a hankali, idona yana riga bakina, kamar mai tafiya cikin ƙarangiya ba takalmi. Ban gamu da sunan Rabi ba, Mutari ya san abin da yake yi. Gaisuwa mai yawa, sun samu ɗaki, aiki yana samuwa, iyali ta yi zazzaɓi amma ta tashi. A ƙarshe ya ce tun a gida yake nuna mata baƙaƙe a ardwaz ɗinsa, ga hannunta a ƙasa.

A ƙasan akwai layi ɗaya, baƙaƙen sun karkace, wasu sun hau kan wasu. Na buɗe baki zan karanta, ya miƙo hannu ya karɓe takardar. Ya nisanta ta daga idonsa, ya bi da yatsa, leɓensa yana motsi. Kalma uku ce: Baba ina gaisuwa. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

Na ce, "In za a ba da amsa, faɗa in rubuta."

Ya ninke takardar. "Ita da hannunta ta rubuto."

Washegari ina shirya allo sai ga shi da tabarma a hammata. Ya shimfiɗa, ya zauna, ya gaida tsofaffin nan huɗu, ya dube ni. "Mushe, ina aka tsaya?" Kafin mako ya zagayo inuwar aduwar ba ta isar mutane, wasu rabin jikinsu a rana.

Koya wa hannun da ya shekara hamsin yana riƙe hauya ya riƙe alli, wannan ne aikin da babu shi a takardarku mai hatimi. Yana dannawa alli ya karye, na uku ɗin da nake rabawa ya koma shida. In ya shagala sai ya faro daga dama, irin na ajami. Wasali kuma yakan tsallake shi, don a ajami ba kullum ake damuwa da shi ba, sai in durƙusa in nuna masa gurbin da ɗan yatsa, ya ce af, ya cike. Bai taɓa fashi ba, ko ranar da aka yi jana'iza sai da ya zo daga baya. Daga ardwaz muka koma takarda da fensir, ya huda uku kafin ya gane takarda ba ta son ƙarfi. Sufeto ya zo da rani kamar yadda ya ce, ya tsaya a rana yana kallon rawuna jere a kan tabarmi. Bai tambayi benci ba. Ya ce in rubuta masa yadda na tsara abin, yana so ya duba.

Wata uku da ƴan kwanaki bayan Sarkin Noma ya dawo zaman karatu, wata rana ya jira kowa ya watse. Ya ciro takarda a ninke sau huɗu, ta ɗan jiƙe da gumi.

"Duba mini, Mushe, kada a yi mini dariya a Kano."

Na karanta a zuci, wannan kam na koya. Layi biyar ne. Yana lafiya, mahaifiyarta tana lafiya. Kada ta sa damuwa, akwai sauran hatsi. Ta riƙa cin abinci. Ta gaida maigidanta. In ruwa ya sauka su dawo, an bar musu gonar gabas. Babu kuskure ko ɗaya, kowane wasali yana mazauninsa. Sai a can sama, inda ya rubuta Zuwa ga, ya sa baƙi uku: R, b, i.

Na matso kusa, na ɗora bakin fensir a gurbin, na yi ƙasa da murya yadda na saba. "Sarkin Noma, an manta wasali ɗaya a nan."

Ko duba wurin bai yi ba.

"Ban manta ba, Mushe. Ita za ta gane. In na cika shi, ai na kira ta ke nan."

Na janye fensirina. Na ninke takardar yadda ya kawo ta, na sa a ambulan, muka taka tare zuwa bakin hanya jiran kamyon Kano.